Kada Hannunka Ya Soke Sunan Habu

Badarawa, Kaduna.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, ina kuma roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka kun sauka Jos lafiya, kai da yaron da aka damƙa a hannunka. Allah Ya kiyaye ku a hanya, Ya kiyaye ku a masauki, Ya haɗa ku da mutanen kirki.

Na roƙi mahaifiyarka ta tura takardar nan cikin jakarka, ƙarƙashin jesunanka, domin ka san halina. Ba na iya zaunar da kai in yi maka doguwar magana. In na fara, sai in tsinci kaina ina zancen katako da ƙusa. Ka daure ka karanta har ƙarshe, ko da wani wurin ya ɓata maka rai.

Na yi murna da aikin nan da ka samu. Ba ƙaramin abu ba ne a kira ɗan kafinta daga Badarawa a ce ya zo akadamin ƙwallo ya horar da yara 'yan ƙasa da shekara goma sha uku. Amma shekaranjiya da la'asar ina cikin zaure ina gyaran ƙafar kujera, kai da abokinka Nura kuna kan dakali a waje. Ban yi niyyar sauraro ba, muryarku ce ta shigo. Na ji ka ce mai akadamin ya gaya maka za a tara yaran sati biyu, sannan ka kai masa takarda ka soke sunan rabinsu.

Nura ya ce, "To, Habun naka fa da kake ja zuwa can?"

Ka ce, "Habu rakiya zai yi min. Ƙafarsa tana da kyau, amma yaron kamar an ɗinke masa baki. Ɗan tsakiya ne, ba ya kiran kowa, ba ya neman ƙwallo. In na bar sunansa, Oga zai ce don ɗan unguwarmu ne."

Nura ya yi dariya ya ce, "To ka ce wa direba ya ajiye masa kujerar dawowa."

Kai ma ka yi dariya. Ni kuwa na ajiye guduma. Ban yarda ba, Abba, kuma ba zan yarda ba. Ba don na fi ka sanin ƙwallon zamani ba, ka fi ni nesa ba kusa ba. Sai don na taɓa soke sunan yara da hannuna, na san yadda abin yake zama a ƙirjin mutum bayan shekaru.

Ka san na yi shekara goma sha ɗaya ina horar da yaran unguwa a filin firamaren nan na bayan kasuwa, in na tashi daga shago. Abin da ban taɓa gaya maka ba shi ne labarin Lawal. A lokacin kana goye. An kai mu wani kwas na sati biyu, na dawo da usur a wuya da littafi cike da rubutu, ina jin babu kocin da ya kai ni daga Kawo har Malali. Cikin abin da aka koya mana har da cewa dole gola ya zama mai baki, ya riƙa kiran 'yan bayansa da suna yana gaya musu inda za su tsaya. Gaskiya ce, har gobe. Amma ni na riƙe ta kamar babu wata gaskiya sai ita.

Lawal shekararsa goma sha biyu, ɗan mai shayin nan ne na bakin titi. Ban taɓa ganin yaro mai hannu irin nasa ba. In ƙwallo ta taɓa tafinsa kamar an shafa mata danƙo. Yana da baki kuma, har yakan dame ni da surutu. Sai aka kawo mana wani sabon ɗan baya daga Unguwar Dosa, dogo, sunansa Garba, na ajiye shi daidai gaban Lawal. Daga ranar bakin Lawal ya mutu. In an ɗago ƙwallo sama, sai su tafi mata tare su yi karo. Na yi masa faɗa sau ɗaya, sau biyu. Ya ce to. Bai canja ba.

Ranar da muka buga da yaran Kawo a wasan kusa da na ƙarshe na kofin unguwanni, saura kaɗan a tashi aka ba su bugun kwana. Ƙwallo ta zo sama, Lawal ya fito, Garba ya tashi, suka gwabza kai, ƙwallo ta gangara raga a hankali kamar mai jin kunya. Aka fitar da mu. Ban bari ko ruwa sun sha ba, na tara su a tsakiyar fili, jama'a na kallo. Na ce, "Kai Lawal, bakinka ciwo yake yi? Me ya hana ka kiransa? Ce Garba in ji."

Ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Ce Garba."

Shiru. Yara suka fara ƙunshe dariya. Na ga kamar raina ni yake yi a gaban mutane. Na ce, "Wallahi ba za ka sake tsayawa a ragata ba sai ranar da ka buɗe baki ka ce Garba."

Kwana uku yana zuwa yana zama a kan benci da safar hannunsa a cinya. Kowace rana in wuce ta gabansa in ce, "Ka shirya?" Sai ya kalli ƙasa. A rana ta huɗu bai zo ba. Na soke sunansa, na gaya wa kowa yaron taurin kai ne da shi.

Bayan shekara goma sha wani abu, tayar babur ɗina ta yi faci a hanyar Unguwar Dosa. Na tura shi wurin wani mai faci, ashe Lawal ne, ya zama magidanci har da gemu. Ya tashi ya ba ni bencinsa, yana ta "Koci, Koci". Yana laluben hudar a cikin bahon ruwa, na kasa daurewa, na ce, "Lawal, don Allah, me Garba ya yi maka a lokacin nan?"

Ya ɗago yana murmushi ya ce, "Babu komai, Koci. Ai sunan Baba ne."

Shekara da shekaru ina shan shayin mutumin nan kowace safiya, Mai Shayi kowa ke ce masa, ban taɓa sanin sunansa na yanka ba.

Lawal ya ce, "Na gwada fa. Nakan ce, 'Mai sunan Baba, bar ta.' To kafin in kai kan 'Baba', mun riga mun haɗa goshi."

Yana dariya, abokan aikinsa na dariya. Na ce, "Me ya sa ba ka gaya min ba?"

Ya ce, "Ai in zan gaya maka sai na faɗi sunan. Kuma ba tambayata ka yi ba, Koci. Cewa ka yi in faɗa."

Abba, ka duba wanda ya yi wannan kuskure. Ni ne, wanda tun ranar sunanka ban taɓa kiranka da sunanka na yanka ba, saboda sunan mahaifina ne a kanka. Abin da nake yi a cikin gidana safe da yamma, shi na kori ɗan wani a kansa. Kwas ɗin sati biyu ya mantar da ni tarbiyyar shekara talatin. Da na zauna da yaron a gefe minti biyar, da na laƙaba wa Garba Dogo, shi ke nan an gama. Kalma ɗaya ce ta raba yaron da raga, kuma ni ne ban nemo ta ba.

Don haka in ka ga yaro ya ƙi yin abu mai sauƙi, wanda kai kake ganin ko jariri zai iya, kada ka fara da cewa taurin kai ne ko daƙiƙanci. Abu mai sauƙin da yaro ya ƙi yi, akwai wani abu mai nauyi a bayansa, kuma yawanci daga gida ya taho da shi. Kada ka tambaye shi a gaban 'yan uwansa. Kada ka tambaye shi da usur a bakinka. In ya kasa faɗa, nemi wanda ya san gidansu.

Kada kuma ka ɗauka sanin dalili kaɗai ya isa, domin na san dalilin Bashir, amma duk da haka na ɓata shi. Bashir ɗan cikin lungun nan ne na bayan masallacin Juma'a, inda in mai kurar ruwa ya shigo sai kowa ya manne da bango. Ƙwallo ba ta rabuwa da ƙafarsa. Zai yanke mutum uku a wurin da bai fi tabarma ba. Amma ba ya buga ta da ƙarfi, ko raga a buɗe take sai ya kai ta har bakin layi ya tura ta kamar mai ajiye ƙwai. Mahaifiyarka ce ta warware min, domin ƙawarta a lungun take aure. Ta ce akwai wata tsohuwa a can, duk ƙwallon da ta tsallaka katangarta sai ta caka mata wuƙa ta jefo musu fatar. Yaron da ya buga ta sama kuwa, sauran ba sa sake sa shi a wasa sai an samu wata. Tun yana shekara biyar ƙafarsa ta koyi cewa ɗaga ƙwallo laifi ne.

Na ji daɗi na gano ciwon, sai na zuba magani fiye da kima. Na hana shi yanka gaba ɗaya. Na ce in ya taɓa ƙwallo fiye da sau biyu zai zagaye fili. Kullum bayan an tashi in tsayar da shi ya yi ta dukan ƙwallo daga nesa har ƙafarsa ta kumbura. Cikin wata shida ya iya bugu daidai gwargwado, kamar kowa. Yankan kuma ya tafi, bai dawo ba. Na karɓi yaron da babu irinsa a Badarawa, na mayar da shi irin wanda ake samu a kowane layi. Lungun da na so in cire daga ƙafarsa, shi ne dukiyarsa.

Za a kawo maka yara daga wurare dabam-dabam. Wani ya tashi a kan ciyawa da takalmin ƙwallo tun yana ƙarami, wani bai taɓa sa takalmin ba sai ranar gwaji, zai yi ta tuntuɓe kamar an ɗaura masa bulo. Wani ya ci ya ƙoshi kafin ya fito, wani ya yi jidon ruwa tun asuba. A sati biyu, wanda ya saba da ciyawa da takalmi shi zai haska, wannan ko makaho ya sani. Abin da sati biyu ke aunawa shi ne gidan da yaro ya fito, ba inda zai kai ba. Kada ka goge abin da unguwarsa ta koya masa, ƙara masa za ka yi a kai. Kuma kada ka juya abin ka raina ɗan ma'aikaci don an kawo shi a mota. Na yi wannan ma. Akwai wani yaro daga Malali da nake kira Ɗan Madara, in an ture shi ya faɗi in ce ya tashi ba a kan katifa yake ba. Bai zaɓi gidansu ba, kamar yadda Bashir bai zaɓi lungu ba.

Yanzu sai wanda ya fi yi min wuyar rubutawa. Kai ne.

Kana shekara goma sha ɗaya ka fi duk 'yan tsakiyata ganin fili. Na sani, mataimakina ya sani, har masu kallo sun sani. Amma wata rana ina shan rake a bakin fili na ji wani yana cewa, "Ai ɗan koci ne, dole a sa shi." Maganar mutum ɗaya, wanda ko sunansa ban riƙe ba. Daga ranar na ajiye ka a benci kaka guda cur. Nakan sa ka in saura minti biyar, don kada mahaifiyarka ta yi min magana. Da ka tambaye ni a hanyar gida, kana riƙe da ragar ƙwallaye, na ce maka jikinka ne bai yi ƙwari ba. Ƙarya na yi maka. Sunana nake karewa, kai kuma ka biya. Mutane suka ce Malam Isiyaku adali ne, ko ɗansa bai ɗaga wa ƙafa ba. Na ji daɗin wannan yabo, Allah Ya yafe min. A gabana ka daina gudu da zuciya ɗaya, a gabana ka fara tsayawa a gefe kana nuna wa wasu inda za su tsaya. Mutane suna cewa koyarwa a jininka take. Wataƙila. Amma ni na san wanda ya zaunar da kai a gefen fili tun kafin lokacinka.

Ka yafe min. Ban taɓa neman gafararka ba, yau na nema.

Shi ya sa da na ji ka ce Oga zai ce don ɗan unguwarku ne, sai na ji muryata ce ta fito daga bakinka. Zalunci iri biyu ne, Abba. Akwai fifita naka don naka ne, akwai danne naka don a ce kai mai gaskiya ne. Na biyun ya fi daɗin sha, shi ya sa ya fi haɗari. In Habu bai cancanta ba, to bai cancanta ba. Amma kada ya zama abin da za ka wanke sunanka da shi a wurin Oga.

Jiya da safe ban buɗe shago da wuri ba, na shiga cikin unguwa na nemi gidan su Habu. Abin da ya kamata in yi wa Lawal ke nan. Kakarsa ce ta yi min iso. Ka san mahaifiyarsa kurma ce? Na tabbata ba ka sani ba, domin kawunsa ne ya kawo maka shi, shi ya sa hannu a takardar tafiya. Mahaifinsa direba ne, ba ya zaman gida. Yaron da hannu ya fara magana kafin ya fara da baki. Na zauna ina kallonsu shi da uwarsa tana haɗa masa kaya, hannuwansu na ta tafiya, har da musu, har da dariya. Yaron da ka ce an ɗinke masa baki, ban taɓa ganin mai surutu irinsa ba.

Da zan fito na ce masa, "Kai Habu, an ce ba ka neman ƙwallo a fili."

Ya kalli ƙasa ya ce, "Ina nema, Baba."

Na ce, "Ta yaya?"

Sai ya buɗe tafin hannunsa na hagu a gefen cinyarsa, ya karkata yatsu biyu gaba. Ya ce, "In na yi haka, a ba ni a ƙafa. In na yi haka, a jefa min gaba. Su ne ba sa dubawa."

Ban ce wannan ne dukan dalilin shirunsa ba. Na daina saurin cewa na gane yaro. Kuma ban ce kada ya koyi buɗe baki ba, dole ya koya, domin ɗan wasan da ya ba shi baya ba zai ga hannunsa ba. Amma wannan aikin damina guda ne ko biyu, ba na sati biyu ba. Ranar farko da za ku fita fili, ka bar kallon bakinsa, ka kalli hannunsa na hagu. Ka ƙirga sau nawa ya nemi ƙwallo a wurin da ya dace aka hana shi. Sannan ka koya wa sauran su riƙa ɗaga kai. Ƙungiyar da ta iya magana ba tare da abokan karawa sun ji ba, ban ga abin da ta rasa ba.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce Baba bai san yadda aiki yake ba, akadamin ba tawa ba ce, ni sabo ne, mutane da yawa suna jiran kujerar. Duk na sani. Ban ce ka yi wa mutumin rashin kunya ba, kuma ban ce ka ƙi tantance yara ba, wurinsa ne, shi ya san iya waɗanda zai iya riƙewa. Abin da na ce shi ne, ranar da za ka kai masa takarda, ka shiga da sallama, ka zauna, ka gaya masa a fili cewa akwai yaran da ka gama gani, akwai waɗanda sati biyu bai isa ka gan su ba, kuma Habu yana cikinsu. Ka gaya masa da bakinka cewa ɗan unguwarku ne, kafin wani ya gaya masa. Ka nemi a ba shi kaka guda. Ba shi kaɗai ba, duk yaron da zuciyarka ta ce maka ba ka gama karanta shi ba, ko daga ina ya fito, ko wane yare yake yi.

In ya yarda, alhamdu lillahi. In ya ƙi, ka miƙa masa biro ya soke da hannunsa. Yana da iko, wurinsa ne. Amma kada a rubuta cewa koci ya duba ya ga yaron ba shi da amfani, alhali kai ka san ba ka gama dubawa ba. Wannan shaidar zur ce, ko da a kan ƙwallo ce. Yaro ɗan shekara goma sha biyu yana yarda da abin da kocinsa ya faɗa a kansa fiye da yadda kake zato, wani har ya tsufa da shi.

In kuma tsayuwar nan ta sa ya ce kai ma ka kama hanya, to ka kamo ta. Na san mutanen layinmu, na san za a zauna a kan dakali a ce ɗan kafinta ya je Jos ko wata bai rufa ba an koro shi. Su faɗa. Na yi shekaru ina yi wa bakin mutane aiki, ban ga abin da ya tsinana min ba. Ka bugo min waya ka gaya min motar da kuka shiga. Zan sa babbar rigata ta Juma'a in je tasha da rana tsaka in tarbe ku, kai da yaron, in riƙo jakarka da hannuna mu ratso layin nan a ƙafa, ina gaisawa da kowa.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka kula da rigar sanyi, kai da Habu. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka ci abinci, ka ji tsoron Allah a kan 'ya'yan mutane. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya ba ka ido mai haƙuri da harshe mai gaskiya, Ya sa yaran da za su bi ta hannunka su tuna ka da alheri. Allah Ya sada mu cikin aminci, ko da wuri ko a daɗe.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Isiyaku Kafinta.